Amsoshin Tambayoyinku: Tirela ce ta buge ni, don me inshora ta riƙe mini kuɗi?

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne a Potiskum. Na sayi mota da rancen da na karɓa daga ƙungiyar adashen ma'aikatanmu, kuma sharaɗinsu shi ne a yi mata cikakkiyar inshora har in gama biyan bashin. Wata biyu da suka wuce, ranar kasuwar shanu, ina tsaye cikin cunkoso a kan titin Kano zuwa Maiduguri sai wata tirela ta ƙwace wa direbanta ta daki bayan motata. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo, amma but da bamba da danjoji da gilashin baya duk sun tashi aiki. Direban ya amsa laifinsa a gaban 'yan sanda, ya ce birki ne ya ƙi kamawa.

Gyara ya ci naira miliyan 1 da dubu 200. Kamfanin inshorata ya biya, amma ya riƙe dubu 120, wai wannan kaso ni zan ɗauka. Ga kuɗin janwe dubu 30 da na biya daga aljihuna, ga mako uku da na yi ina hawan Keke Napep zuwa makaranta. Mai tirelar dattijo ne da ake ganin girmansa a gari. Ya turo mutane sun yi mini jaje, suka ce tunda inshora ta biya, in yafe sauran. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Shin daidai ne a riƙe mini kuɗi alhali ba ni da laifi? Wa zai biya ni? Kuma idan na bi sawun kuɗin, ban yi zalunci ba?

Daga wani mai karatu, Potiskum, Jihar Yobe.

AMSA

Malam, Allah ya kiyaye gaba. Wanda tirela ta daka daga baya ya fito da ƙafafunsa, ya ga rahamar Allah, kuma na taya ka godiya a kan haka kafin mu shiga maganar kuɗi.

Dubu 120 ɗin nan ba ta salwanta ba. Haƙƙinka ce, sai dai ba a hannun kamfaninka take ba. Tana wuyan wanda ya buge ka, kuma idan takardun tirelarsa na gaskiya ne, kamfanin inshorarsa ne zai fitar da ita. Shirun nan da ka yi wa 'yan jaje shi ne abu mafi amfani da ka yi a duk wannan lamari. Zan faɗi dalili nan gaba.

Mu fara da abin da ya fi ci maka rai. Ɗauko takardar inshorarka, ba guntuwar shaidar da ake nuna wa 'yan sanda a hanya ba, cikakkiyar yarjejeniyar mai shafuka. A cikinta za ka ga wurin da aka rubuta abin da ma'aikatan inshora ke kira ekses, wato kason farko na kowace asara da mai mota ya amince zai ɗauka da kansa. Wani kamfanin yakan yanke shi a kan adadi tsayayye, wani kuma ya ce kashi kaza cikin ɗari na kuɗin gyara. Naka kashi 10 ne, shi ya sa miliyan 1 da dubu 200 ta haifar da dubu 120. Kamfanoni na sa wannan sharaɗi ne don kada a riƙa zuwar musu da kowace 'yar ƙwarzanar fenti, kuma don mai mota ya ci gaba da jin cewa idan ta lalace shi ma zai ji a jikinsa.

Sharaɗin ba ya tambayar wa ke da laifi. Yarjejeniya ce tsakaninka da kamfaninka kaɗai: muddin ka zo ka ce su gyara maka mota, to za su cire kason. Ko kai ka yi karo da bishiya, ko kana barci a gida wani ya zo ya buge ta a ƙofar gida, lissafinsu ɗaya ne. Saboda haka ba su cuce ka ba. Inda nake ganin gazawar masu sayar da inshora a ƙasar nan shi ne ba sa zaunar da mutum su bayyana masa wannan ranar da yake biyan kuɗi. Sai ranar da ya zo karɓa, zuciya na ƙuna, sannan ya fara jin kalmar.

Duba kuma takardar sallama da ka sa wa hannu kafin a biya ka. Wani lokaci ban da wancan kaso akan yi wani ragi na daban, a ce an sa maka sabon kaya a gurbin tsoho, motarka ta ƙaru, don haka ka ba da gudummawa. Idan akwai irin wannan a cikin abin da aka riƙe, ka sani, domin wasiƙar da za ka rubuta tana buƙatar kowane adadi da sunansa.

To, a ɗaya gefen akwai wata alaƙar, tsakaninka da wanda ya yi ɓarnar. Wannan babu ruwanta da yarjejeniyar da ka ƙulla da kamfaninka. Doka ta ce wanda sakacinsa ya lalata dukiyar wani, shi zai mayar da shi yadda yake kafin ɓarnar. Uzurin birki ba ya wanke kowa, domin kula da birki aikin mai mota ne da direbansa. Kuma da yake direban yana bakin aikin ubangidansa ne lokacin da abin ya faru, alhakin ya hau kan mai tirelar shi ma. Wannan yana da muhimmanci a gari irin Potiskum, wanda ya yi suna da manyan motocin dako. Direban da ya buge ka yau, jibi yana hanyar Legas ko Fatakwal da shanu ko hatsi, ba za ka sake ganinsa ba sai bayan makonni. Mai motar kuwa yana nan, garejinsa na nan, ƙungiyarsa ta san shi.

Domin irin wannan rana ce aka wajabta wa kowace mota inshorar dole, wadda ba ta gyara motar mai ita, sai dai ta biya wanda ya cutar. Dokar farko a kan haka tun 1945 aka yi ta. Daga 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga farashinta: ƙaramar motar gida ta tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dako irin wadda ta buge ka tana biyan dubu 100, iyakar biyanta miliyan 5. Ka ga duk asararka, da abin da kamfaninka ya kashe da abin da kai ka kashe, ba ta kai kusa da wannan iyaka ba. Dattijon nan, idan ya biya dubu 100 ɗinsa ga kamfani na gaskiya, ya riga ya sayi maganin wannan matsala. Ba lallai ne sisinsa ya yi ciwon kai ba. Masu motoci da yawa ba su san haka ba. A wurinsu takardar ta wuce shingen 'yan sanda ce kawai.

Sai dai fa “idan” ɗin nan babba ne. Takardun inshora na bogi sun cika motocinmu, waɗanda ake saya a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasin, a haɗa su cikin kuɗin sabunta takardu, mai mota bai ma san sunan kamfanin ba. Don haka kafin ka rubuta wa kowa komai, ɗauki wayarka ka danna *565*11#, ka bi umarnin ka sa lambar tirelar. Wannan yana kai ka ga rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, wanda ake kira NIID, kuma akwai shi a intanet. Zai nuna maka ko motar na da inshora mai rai da kuma kamfanin da ya yi ta. Abin da ya shafe ka shi ne ta kasance da rai a ranar haɗarin. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ƙara matsa lamba a kan wannan inshora a faɗin ƙasa, saboda haka akwai kyakkyawan zato a kan motar da ke doguwar tafiya kullum.

Yanzu maganar shirun da ka yi. Lokacin da kamfaninka ya biya miliyan 1 da dubu 80, ya gaji haƙƙinka na bin wanda ya yi ɓarnar a kan wannan adadi. Ya shiga matsayinka ke nan. Yana iya neman kuɗinsa daga mai tirelar ko kamfanin mai tirelar, har ya kai su kotu da sunanka. Bashin da ke kan dattijon ya rabu biyu: babban kaso na kamfani, ƙaramin kaso naka. Da ka buɗi baki a gaban shaidu ka ce “na yafe duka”, balle a ce an rubuta ka sa hannu, da ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Yarjejeniyar inshora tana hana mai mota ya sasanta ko ya sallami wanda ya buge shi ba da iznin kamfani ba, kuma kamfanin da aka toshe wa hanyar karɓo kuɗinsa yana iya juyowa kanka ya ce ka mayar masa da abin da ya biya. Na san yadda irin wannan zama yake. Dattawa sun cika maka zaure, an yi addu'a, an ambaci zumunci da maƙwabtaka, kowa ya zuba maka ido. Kunya kan sa mutum ya furta abin da zai yi shekara yana cizon yatsa a kai. Idan sun dawo, ka karɓe su da girmamawa, ka ce musu maganar ba a hannunka kaɗai take ba, akwai haƙƙin kamfani a ciki, kuma abin da kake roƙon Alhaji mai tirelar shi ne ya sanar da kamfanin inshorarsa kawai. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma gaskiya ce tsantsa.

Haka nan akasin wannan ma haramun ne a gare ka. Idan Alhaji ya ji nauyi ya aiko maka da miliyan 1 da dubu 200 cif, ba za ka soke ta a aljihu ba alhali an riga an gyara maka mota. Naka a ciki shi ne abin da ya fita daga hannunka. Sauran na kamfani ne. Inshora mayar da asara take yi, ba a cin riba da ita.

Ga yadda za ka bi. Fara da kamfaninka, ko dillalin da ya yi wa ƙungiyar adashenku inshorar idan ta hannunsa aka bi, domin bibiyar irin wannan na cikin aikin da yake cin la'ada a kai. Rubuta musu ka tambaye su abu biyu: shin suna bin kamfanin mai tirelar don karɓo abin da suka biya, kuma za su haɗa da dubu 120 ɗinka a cikin abin da suke nema? Idan sun amince, ka huta. In kuɗi ya fito sai su ware maka naka. Wani lokaci za su ce ba za su bi ba, ko don suna ganin wahalar ta fi kuɗin, ko don akwai fahimta tsakanin kamfanonin biyu cewa kowa ya gyara motar mutuminsa a wuce wurin. Irin wannan fahimta tsakaninsu ce, kai ba ka cikinta, ba ta kashe haƙƙinka ba. Sai ka nemi su ba ka a rubuce cewa ba su da ja idan ka bi naka da kanka, tare da wasiƙar da ke nuna nawa aka kashe, nawa suka biya, nawa suka riƙe.

Daga nan sai ka tara hujjojinka. Rahoton 'yan sanda na sashen zirga-zirga shi ne ginshiƙi, musamman idan amsa laifin da direban ya yi da zanen wurin haɗarin suna ciki. Kada ka dogara da cewa kowa ya ji ya amsa. Je ka nemi kwafin rahoton yanzu, tun jami'in da ya yi binciken bai samu canjin wurin aiki ba. Idan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ko na duba lafiyar motoci (VIO) sun duba tirelar, sakamakonsu a kan birkin zai ƙara maka ƙarfi. Haɗa da hotunan motar kafin gyara, da lambar tirelar ta kai da ta bodi, domin wani lokaci sukan bambanta, da rasit na mai gyaran bodi da mai fenti da mai kayan gyara. Koma wurin mai janwe ya rubuta maka rasit idan bai ba ka ba. Kuɗin Keke Napep na mako uku shi ma asara ce da haɗarin ya jawo, kana da damar nema, sai dai shi ne aka fi yin gardama a kai tunda babu mai keken da ke ba da rasit. Rubuta lissafinsa rana-rana, adadi na gaskiya wanda duk mutumin Potiskum zai ji ya ce haka ne. Ƙari kaɗan a nan yana iya sa a yi shakkar sauran.

Sai wasiƙar nema. A rubuta ta ga mai tirelar, a aika kwafi ga kamfanin inshorarsa. Ta faɗi rana da wuri da lambobin motocin biyu, ta ce kana tsaye aka buge ka daga baya, ta jero abin da kake nema da adadinsa, ta ba da wa'adi, misali mako biyu ko uku. Wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka. Idan ofishin kamfanin na nesa, aika ta imel ka adana shaidar aikawa. Akwai wani abu da kan tsayar da komai a nan: kamfanin mai tirelar yakan so ya ji daga bakin mutuminsa, domin da shi suka ƙulla yarjejeniya, kuma yarjejeniyar ta ce ya sanar da su haɗari da wuri. Wata biyu sun riga sun shuɗe. Shi ya sa alfarmar da za ka nema wurin Alhaji ita ce ya cike takardar sanar da haɗari ya miƙa, yau kafin gobe. A nan ne shugabannin ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO ko ta direbobi ta NURTW za su yi maka rana. Sun saba shiga tsakani a irin wannan, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin ɗan ƙungiya fiye da wasiƙar lauya.

Ka shirya jin an ce kai ma da naka laifin, cewa ka tsaya a inda bai kamata ba ko danjarka ba ta aiki. Idan aka tabbatar an yi tarayya a laifi, ana rage abin da za a biya ka gwargwadon kasonka. Amma mutumin da ke tsaye a layi cikin cunkoso aka zo aka same shi daga baya, da wuya a ɗora masa komai.

Idan kamfanin ya yi ta jan ƙafa, ko ya ƙi biya ba da dalili a rubuce ba, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi, kuma ba a biyan kuɗi don kai kuka can. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya abin da ya amince da shi ko ya bayyana dalilin ƙi a rubuce. A Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta, kuma jinkirin biyan haƙƙi na cikin abubuwan da ta zo ta magance. Kamfanin da ya ga an sa hukumar a kwafin wasiƙa yakan sauya taku.

Idan kuwa bincike ya nuna takardar tirelar ta bogi ce ko ta mutu, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa: bashin ya tsaya a kan mai motar da direbansa, daga aljihunsu. Nan ma ni sulhu zan fara ba ka shawara, amma sulhu na takarda, wanda ya ce ƙarara abin da aka biya ka kasonka ne kawai, bai shafi haƙƙin kamfaninka ba. Wannan jimla guda ita ce za ta tsare ka. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kafin ka shigar da ƙara ka sanar da kamfaninka, domin ɓarna ɗaya ba a kai ta kotu sau biyu. Idan ka yi gaban kanka aka yanke hukunci a kan dubu 120 kaɗai, kana iya rufe musu ƙofar neman nasu. Ka kuma auna kuɗin lauya da zirga-zirga da abin da kake bi.

Masu karatu da ke da inshorar dole kaɗai, wadda ita ce a hannun mafi yawan masu motocinmu, su lura: ku babu kason da za a riƙe muku, domin kamfaninku ba zai gyara muku komai ba tun farko. Duk kuɗin gyaran ne za ku nema daga wanda ya buge ku da kamfaninsa, ta wannan hanya da na bayyana, kuma kada ku taɓa motar da gyara sai kamfaninsa ya turo an duba ta. Idan motar hukuma ce ta yi ɓarnar, a gaggauta ganin lauya, saboda dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa ni, domin ta nuna irin mutumin da ya rubuto. A'a, Malam, ba ka yi zalunci ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ne ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke ramuwa. Yafiya alheri ce mai lada, kuma idan bayan ka ga komai zuciyarka ta kwanta ka bar wa dattijon nan dubu 120 ɗin don Allah, babu mai zarginka. Abin da ba na so shi ne a karɓe ta daga hannunka da kunya, kai mai albashin koyarwa da bashin mota a wuya, a bar wa kamfanin da ya riga ya karɓi dubu 100 don ya biya irin wannan. Idan takardar tirelar na da kyau, ba Alhaji ka yafe wa ba, kamfaninsa ka yafe wa.

In lokacin sabunta inshorarka ya zo, tambayi kamfanin ko suna da tsarin fansar wannan kaso, inda ake ƙara ɗan kuɗi a kan na shekara don a daina cire shi idan an yi haɗari. Tambaye su kuma ko za su bar maka rangwamen da ake yi wa wanda bai jawo asara ba, tunda laifin ba naka ba ne, musamman idan sun karɓo kuɗinsu. Idan ƙungiyar adashenku na tunanin komawa takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, su ma a karanta takardarsu a wannan gaɓa, domin akan sa sharaɗin kason mai mota a can ma. Ka rubuto mana abin da *565*11# ta nuna maka a kan lambar tirelar. Daga nan za mu san wace ƙofa za a fara ƙwanƙwasawa.